RA'AYINMU: ƘETARE IYAKA BA YA SAUKE BASHI

 

'Yan'uwa masu karatu, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu, musamman a unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa. Ana jin ta a majalisar dare, ana jin ta a bakin masallaci bayan sallar isha'i, ana jin ta a tashar masu Keke Napep. Maganar kuwa ita ce: bashi ya yi wa mutum katutu, rayuwar garin nan ta fi ƙarfinsa, saboda haka ba shi da mafita sai ya tattara ya bar ƙasar, ya tafi inda ake cewa abinci da haya sun fi araha, ya tara abin da ya samu, in Allah Ya so wata rana ya dawo ya biya. Wasu sun riga sun tafi. Wasu suna nan suna neman kuɗin mota, kuma sau da yawa kuɗin motar ma rance ne. Mun ga ya wajaba mu yi magana a kan wannan al'amari a fili, domin ya shafi addinin matasanmu da mutuncinsu da rayukansu baki ɗaya, yin shiru a kansa kuwa cin amana ne.

YADDA AKA KAI GA HAKA

Adalci ne mu fara da faɗin cewa matashin da bashi ya danne a yau ya gaji wani hali ne da ya tarar. A shekarar 1957, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri. A shekarun 1960 masaƙun Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, sannan kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a 1975. Dubban magidanta ne suka riƙa ci daga waɗannan masana'antu, kuma daga albashinsu mai gidan haya da tela da mai sayar da abinci da mai shago suke samun nasu. Bashin wancan zamani sananne ne: mai shago ya rubuta a littafi, ƙarshen wata a biya, a buɗe sabon shafi. Da KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka koma ga Allah ba su karɓa ba. UNTL ita ma ta rufe a 2007, ko da yake an sake buɗe ta daga baya, ba ta koma yadda take ba. 'Ya'yan waɗannan ma'aikata da jikokinsu su ne matasan da muke magana a kansu.

A kan wannan rauni ne rikicin watan Fabrairu na 2000 da na watan Nuwamba na 2002 suka ƙara gishiri. An yi asarar rayuka da dukiya, birnin ya rabu gida biyu, iyalai masu yawa daga Musulmi da Kirista suka sayar da gidajensu a wulaƙance suka ƙetara kogi, wanda jiya yake da gidan kansa ya wayi gari ɗan haya. Waɗanda suka ci gaba da zama a kudancin kogi suka ga kasuwarsu ta ragu, abokan ciniki sun watse.

Sai kuma shekarar 2023 ta zo da nata. A ranar 29 ga watan Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi wa kanta daraja a kasuwa. Litar man da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na wannan shekara. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma kafin shekarar ta fita babban buhun shinkafa guda ya fi ƙarfin wannan albashi. Gaskiya ne farashin abinci ya ɗan sassauto a 2025, sai dai bashin da aka ci a lokacin tsanani yana nan bai sassauto ba.

A daidai wannan lokaci ne masu ba da bashi da ruwa suka shigo har cikin aljihun kowa ta hanyar wayar hannu. Babu shaida, babu jingina, babu dattijon da zai ce a dakata. Cikin mintuna kaɗan kuɗi sun shiga asusu. A ɗauki misalin wanda aka ba Naira 20,000 a kan ya mayar da 26,000 bayan mako biyu. Ranar biya ta zo ba shi da su, sai ya buɗe wata manhajar ya ranto ya toshe ta farko, ta uku ta toshe ta biyu, kafin wata uku abin da ake binsa ya ninka abin da ya taɓa riƙewa a hannunsa. Da ya gaza sai a bi lambobin da ke cikin wayarsa ɗaya bayan ɗaya, a aika wa surukinsa da limaminsa da mai gidan hayarsa saƙo ana kiransa ɓarawo. Wannan ta'asa ta yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin kamfanonin a Legas a watan Maris na 2022, kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane a 2023, hukumar kuma ta fitar da sababbin ƙa'idoji a 2025. Duk da haka wanda aka riga aka tozarta a gaban surukansa ya san cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Amma ba za mu ɗora wa talauci da gwamnati laifin duka ba. Wani bashin na magani ne da haya da kuɗin makaranta, wannan abin tausayi ne. Wani kuwa na lefe ne mai akwati goma, da kamu da dina da anko, da wayar da ta fi ƙarfin mai ita, da cacar ƙwallo, da zuba kuɗi a hannun 'yan damfara masu alkawarin ninkawa. An ga yadda MMM ta rufta da mutane a watan Disamba na 2016, amma da CBEX ta zo sai aka sake tururuwa, har ita ma ta rufta a watan Afrilu na 2025. Wannan kashi na biyu mu muka haƙa wa kanmu ramin, mu ne kuma za mu cike shi.

LISSAFIN DA BA NAMU BA

Daga ina tunanin guje wa tsadar rayuwa zuwa wata ƙasa ya samo asali? Matasanmu suna gani a intanet yadda wasu samarin Amurka, ƙasar da bashin karatun ɗalibanta ya haura Dala tiriliyan 1.6, suke komawa Meksiko ko Tailan da zama domin su rage kashe kuɗi su biya abin da ake binsu. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, irin wannan saurayi yana aiki ne ta kwamfuta ana biyansa da Dala, yana kashe kuɗin ƙasar da ba su kai Dala ƙarfi ba, ga fasfo da ke buɗe masa ƙofofi. Ratar da ke tsakanin kuɗin biyu ita ce ribarsa. To, matashin Makera da wane kuɗi zai tafi? A 2014 jikar sefa ba ta kai Naira 400 ba, a 2024 ta haura Naira 2,000. Ashe ke nan wanda ya ɗauki Naira ya nufi Maraɗi ko Damagaram ko Yamai yana neman araha, a bakin iyaka kuɗinsa za su tsuke tun bai sha ruwan garin ba. Lissafin da ya yi wa Ba'amurke daɗi, juyewa yake yi a hannunmu.

Idan kuwa aka ce ai can za a je a nemo sefa ko dinari ko riyal a turo gida, to wannan ci-rani ne, kuma hanyarsa sananniya ce, haka ma abin da ke kanta. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutane 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, galibi daga yankin Kance ta jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A watan Nuwamba na 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin baƙaƙen fata a Libiya tamkar awaki. Shekara da shekaru hukumomin Aljeriya suna kwaso baƙi su zubar a cikin rairayi, su taka kusan kilomita 15 a ƙasa kafin su isa Assamaka. Waɗanda suka tafi Sudan domin sauƙin karatu da zama, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya koro su ba shiri. Wanda kuma ya shiga Saudiyya da bizar Umra ya maƙale, ya saɓa alkawarin da ya sa wa hannu, yana rayuwa cikin ɓuya, ranar da aka kama shi kuma a jefo shi jirgi da kayan jikinsa.

Ko a inda babu hamada babu yaƙi, baƙo baƙo ne. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi marasa takarda, Hausawa da Yarabawa da suka yi shekaru a zangonnin Kumasi da Ankara suka baro gidaje da shaguna. A farkon 1983 Nijeriya ta yi irin haka, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka fita cikin 'yan makonni. Duk ƙasar da tattalin arzikinta ya girgiza, baƙo take fara nuna wa yatsa.

Sannan wanda ya tafi ya bar bashi, a kan wa ya bar shi? A kan wanda ya tsaya masa, a kan mahaifiyar da za a riƙa buga wa ƙofa, a kan matar da ya bari ba ci ba sha. Ko a dokar ƙasa ma bashin yana biye da shi, domin tun 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusu da mutum yake da shi a wani banki, ta hanyar lambarsa ta BVN. An gudu ba a tsira ba ke nan.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Musulunci bai hana tafiya neman halal ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi fatauci zuwa Sham kafin aike, kakanninmu kuma sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun kafa zangonni daga Salaga har Sudan. Wanda ya samu aiki na gaskiya da takardu na gaskiya a wata ƙasa, Allah Ya ba da sa'a. Abin da muke ja da shi shi ne a mayar da tafiya mafakar gudun haƙƙin mutane, har wasu suna kiranta hijira. Hijira guduwa ce da addini zuwa inda za a iya tsayar da shi, kuma abin lura ne cewa a daren hijira Manzon Allah (S.A.W.) ya bar Sayyidina Aliyu (R.A.) a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar mushirikai ne. Yaya wanda ya sulale da asuba da kuɗin maƙwabcinsa zai jingina kansa ga wannan suna mai daraja?

Bashi a Musulunci al'amari ne mai nauyi ƙwarai. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta shi, a ƙayyade lokacinsa, a kafa shaidu. Suratun Nisa'i ta gabatar da biyan bashin mamaci a kan rabon gado. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙi yi mata salla saboda 'yan dinarai da ake bin mamacin, har sai da Abu Ƙatada (R.A.) ya ɗauki nauyin biya. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa shahada, duk da girmanta, ba ta kankare bashi. Kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya yawaita neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili ya bayyana cewa bashi yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. Duk wanda ya ga yadda mai bashi yake kashe waya, yake canza hanya, yake cewa a ce ba ya nan, ya ga gaskiyar wannan da idonsa. To, abin da shahada ba ta sauke ba, shin shingen kwastan na Jibiya ko na Illela ne zai sauke shi?

Malaman fiƙihunmu na Malikiyya ma ba su bar wannan mas'ala ba. A babin fatara na Mukhtasar Khalil da sharhohinsa an bayyana cewa mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi yin tafiya idan lokacin biya zai cika alhali ba ya nan, sai fa in ya bar wakili ko wanda zai lamunce masa. Haka kuma sun ba matar da mijinta ya yi nisa ya bar ta babu ciyarwa damar kai ƙara gaban alƙali ta nemi rabuwa. Saboda haka tafiyar mai bashi tana da sharaɗi, tafiyar mai iyali tana da sharaɗi.

Game da bashin manhajojin waya kuwa, kuɗin ruwa haram ne ga mai ci da mai ciyarwa, kuma Alƙur'ani ya bayyana cewa uwar kuɗi kaɗai ce haƙƙin mai ba da rance. Wanda ya faɗa ciki ya tuba, ya gaggauta fita, ya kai ƙarar duk wanda ya tozarta shi ga hukuma. Sai dai zaluncin kamfanin ba ya halatta masa cinye uwar kuɗin da ya karɓa.

Shari'ar da ta tsananta wa mai cin bashi ita ce kuma ta tausaya masa. Ta wajabta wa mai bin bashi ya jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma kwaɗaitar da shi yafewa. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sanya waɗanda bashi ya danne a cikin kashi takwas na masu cin zakka. Bayan Allah Ya yalwata wa Musulmi, Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya ɗauki nauyin biyan bashin muminin da ya rasu bai bar abin biya ba. Wannan ya nuna cewa idan matashi ya rasa wanda zai ranta masa Naira 20,000 don Allah, har sai da ya kai kansa ga masu cin ruwa, to al'ummar da yake salla a cikinta tana da nata kason na tambaya gobe ƙiyama.

KIRANMU

Na farko, muna kira ga matasa da bashi ya danne da su zauna su rubuta duk abin da ake binsu, na wane ne, nawa ne, yaushe ne lokacinsa. Su daina ranto wani don toshe wani. Su je wurin masu binsu da ƙafarsu, tare da dattijo ɗaya, su faɗi gaskiyar halinsu, a tsara biya kaɗan-kaɗan. Kunyar rana ɗaya ta fi ɓuyar shekara goma.

Na biyu, wanda ya ƙudurta tafiya ya cika sharuɗɗa: ya sanar da masu binsa ya nemi yardarsu ko ya bar mai lamuni, ya bar wa iyalinsa abin ci, ya nemi izinin iyaye, ya tafi da takardu ta hanyar da doka ta sani, ya tabbatar da aikin da zai tarar kafin ya ɗaga ƙafa. Kada ya ci sabon bashi ya miƙa wa dillalin da bai san gidansa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Na uku, iyaye da 'yan'uwa mata su ji tsoron Allah a kan al'adun aure. Auren da aka gina a kan rance, ango yana shiga ɗaki masu bin bashi suna tsaye a ƙofa, ina albarkarsa? A sauƙaƙa lefe, a yanke bukukuwan da ba su da asali a addini, a yi walima gwargwadon hali.

Na huɗu, masu hali su tuna da masu bashi a lokacin fitar da zakka. Maimakon a raba wa mutum ɗari abin da ba zai kai su mako ba, a nemi magidanta biyar da bashin magani ko na haya ya durƙusar, a sauke masu gaba ɗaya, cikin sirri. Masu gidajen haya da masu ba da Keke Napep a kan balas su ma su sassauta wa wanda suka san gaskiyarsa.

Na biyar, muna kira ga kwamitocin masallatanmu da rassanmu na Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da su kafa asusun rance marar ruwa. Idan masallata 200 suka ba da Naira 500 kowace Juma'a, an tara Naira 100,000 a mako. A danƙa asusun ga amintattu uku, a rubuta kowane rance da shaidu biyu da mai lamuni kamar yadda Alƙur'ani ya koyar, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a duk wata ba tare da ambaton sunan kowa ba. Wanda bukatarsa ta fi ƙarfin asusun a nuna masa hanyar bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, waɗanda suka fara da bankin Jaiz a 2012, ɗalibai kuma a sanar da su rancen karatu marar ruwa na NELFUND da aka fara a 2024, tare da tuna masu cewa shi ma bashi ne da za a biya.

Na shida, malamanmu su ba babin ciniki da rance da jingina da lamuni haƙƙinsa a darussan masallatai da makarantun Islamiyya, kamar yadda suke ba tsarki da salla. Yaron da ya san hukuncin ƙabli da ba'adi amma bai san hukuncin maɓallin da yake dannawa a wayarsa ba, karatunsa da saura.

Na bakwai, muna tunatar da hukumomi cewa dokar da aka rubuta ba a zartar ba ba ta kare kowa. A hukunta kamfanonin da ke tozarta mutane, a kama dillalan da ke sayar da 'ya'yan talakawa ga hamada. Sama da duka, a dubi gine-ginen masaƙun Kakuri da ciyawa ta cinye. Matashin da yake da aikin yi a unguwarsu ba ya tambayar kuɗin motar Agadas.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin sa a kan larura ba abin kunya ba ne, domin Manzon Allah (S.A.W.) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓar wa iyalinsa. Abin kunya shi ne gudu da haƙƙin mutane, da kuma zuba ido ɗan'uwa yana nutsewa alhali muna da igiya a hannu.

Muna roƙon Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya wadata mu da halal, Ya tsare matasanmu da ke kan hanya, Ya dawo da waɗanda suka maƙale a ƙasashen mutane gida lafiya, Ya ba mu zaman lafiya a Kaduna da Nijeriya baki ɗaya. Amin.